Abin da Ya Rage na Muryar Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Hadiza da yara. Ya karatu, ya zaman baƙunta? Mu nan Nasarawa lafiya lau, sai rashin Baba da har yanzu bai sake mu ba.

Labarina ba mai daɗi ba ne. Kwamfutar da ka aiko, wadda munka tara tafsirin Baba a ciki, bairos ya shige ta, ta ƙi tashi. Maƙwabcinmu Malam Bulus, mai gyaran kwamfuta, ya ce manhajar da anka sa mata ta jabu ce. Ya kawo faya-fayan wata manhaja mai suna Linux iri-iri, ya ce kyauta ne, in zaɓa.

Na ce mishi, "Ni fa ban san kansu ba."

Ya ce, "To ɗauki wanda za ki gwada daga faifai ba tare da an goge komi ba." Shi na ɗauka.

Da shi munka leƙa ciki. Yaya, duk karatun ya lalace, saura na ƙarshe, inda tari ke sarƙe Baba. Gwaggo ta zo daga Argungu, ta saurara har ƙarshe tana share hawaye.

Kwamfutar tana aiki yanzu, ina koyo a hankali. In kana da wani kaset na Baba, don Allah ka aiko. Gwaggo tana son jin muryar ƙanenta lokacin yana da lafiya.

Ka sa shi a addu'a, mu ma haka. Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Zainab