Yaron da Baba Ya Ƙi Tsallakewa

Shisha, Makka
12 ga Sha'aban

Yaya Nu'uman,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ƙafar taka? Ina fata kana shan maganin, ba ɓoye shi kake a ƙarƙashin matashi yadda ka saba ba.

Yaya, na samo Rabe, wanda Baba ya bar mana wasiyya mu nemi gafararsa. Kai ka ce wahalar banza ce. To ga shi ƙanwarka mai taurin kai ta yi.

Ka tuna labarin. Zamanin Turawa, Baba na mai duba makarantun En'e, yana bin ƙauyuka a keke yana rubuta yaran da za a kai elemantare. Daga malamin aji har ya zama babban jami'in ilimi na lardi, amma yaro guda ya hana shi sakat har ya koma ga Allah. Uban Rabe ya roƙe shi ya tsallake ɗansa, Baba ya ce doka ce. Kafin sati ya zagayo, mutumin ya kwashi iyalinsa ya yi gabas a ƙasa, gudun boko.

Maƙwabciyata Haifa ce ta kai ni wurinsa, kakanninta 'yan garin su Rabe ne. Rabe tsoho ne tukuf, yana wuni a shagon ɗansa, Hausarsa rabi Larabci. Ya tare ni da shayi da dabino. Ina ambaton sunan Baba, wallahi har kalar kekensa ya faɗa. Ya ce shekara huɗu suka yi a hanya, ta Chadi da Sudan, suna ƙwadago a gonakin mutane. Mahaifiyarsa ba ta iso ba. A wani gari aka binne ta, ko sunansa bai sani ba. Wannan kam, Baba bai taɓa ji ba.

Na isar da saƙon. Don wauta har na shiga lissafa masa likitoci da alƙalan da Baba ya sa a makaranta, ina faɗa ina jin kunyar kaina. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ya binti, nawa haƙƙin na yafe tuntuni. Na uwata kuwa ba a hannuna yake ba."

Na yi kuka, Yaya. Har yanzu ban san ko na sauke wasiyyar nan ba. Gobe in sha Allahu zan yi wa mahaifiyar Rabe umara. Kai ma ran Juma'a, in za ku yi wa Baba addu'a, ku haɗa da ita. Sunanta Tasalla.

Ka gaida mutanen gida duka.

Ƙanwarka,
Hajara