Wani abu na motsi a cikin gangar da zan saya

Malam, don girman Allah ka agaza mini da shawara kafin ruwa ya sauka, domin tsoro ya hana ni sakat.

Mu makaɗan noma ne a wani ƙauye kusa da Gagarawa. Mahaifina ne ke yi wa Sarkin Noman garinmu kiɗa a duk gayya, da ya rasu ni na gaje shi. A ranin nan gobara ta cinye ɗakin da nake ajiye kayan kiɗa, ko gular buga ganga ban fitar ba. Sarkin Noma ya yi mini jaje, amma ya ce in ban zo da ganga a gayyar farko ba zai kira makaɗan garin Sule Tankarkar. In suka shiga, Malam, gidanmu ya fita ke nan, kuma a hannuna abin zai mutu.

A kasuwar Maigatari na haɗu da wani dattijo, Ilu, mutumin Damagaram, farin nan ne ya koro shi. Yana sayar da kayan kiɗan ubansa: gangar noma babba, da kazagi, da kuntuku. Itacen ya yi baƙi don tsufa. Da tsakar rana na buga babbar gangar, har masu awon gero suka waiwayo, ni kuwa na ji ƙwalla, don muryarta irin ta gangar mahaifina ce. Sai dai da na ɗaga ta, na ji wani abu ya gangara a ciki, ƙwaras-ƙwaras. Na ce a kwance fata in leƙa, ya ɗaure fuska ya ce ba a buɗe gangar ubansa.

Matata Rahamatu ta ce wallahi abin iskoki ne, in na shigo da ita gidan za ta kwashe yara ta tafi Gumel wajen iyayenta.  Ga shi ba ni da abin saya sai na sayar da san nomana, shi kaɗai fari ya bar mini. Ina tsoron ganga, ina tsoron rasa sa, ina tsoron ranar gayya in tsaya hannu rabbana. Yaya zan yi?

Naka,
Makaɗi Ba Ganga, Gagarawa

Makaɗi, Allah ya mayar da alheri. Ka kwantar da hankalinka, abin da ya kamata ka ji tsoro a cikin gangar nan ƙwaro ne, shi kuwa ba ya ƙwaras-ƙwaras. A ɓoye yake cin itace.

Ka yi mamakin kanka: kai ɗan makaɗi, ka gwada ganga da tsakar rana! Kowace fata tana ɗaurewa in ta sha rana. Ka koma wurin Ilu da sanyin safiya, don da safe ake fita gayya, a damina kuma. Ka shimfiɗa farin ƙyalle, ka ɗora kowace a kai, ka ƙwanƙwasa jikinta ko'ina. In gari ya zubo kamar tankaɗe, ƙwaro ya riga ka. Ka bi itacen da farce ka nemi tsaga, musamman inda aka shafe da danƙo. Fata da tsirkiya kada su dame ka, akuya ɗaya ta isa a sake su. Itacen kake saya.

Kada ka ɗauki Ilu macuci tun yanzu. Mutumin da yunwa ta sa ya fito da kayan ubansa kasuwa ba zai so a farke su a gaban jama'a ba, wataƙila kuma yana gudun ka fasa saye ka bar shi da ganga a kwance. Ka je da wani dattijon makaɗi, ku keɓe, ka yi masa alkawarin cewa sake ɗaurin fata a wuyanka yake ko ka saya ko ba ka saya ba. Ina kyautata zaton tsakuwa ce ko laya da mai ita ya jefa. Kowace ce, kayan ubansa ne, ka miƙa masa, amma ka roƙi arziƙi Rahamatu ta gani da idonta. In ya ƙi duk da haka, ka yi masa sallama cikin mutunci.

Sanka kuwa kada ya taka kasuwa sai ka ga cikin gangar nan. In ba ta yi ba, ka ari ganga ka fita gayyar farko, ka ba masassaƙi aikin sabuwa. Babu kunya a aro. Manoman garinku kirarin iyayensu suke jira, kuma makaɗan Sule Tankarkar ba su san sunan kakan kowa a garin ba, kai ka sani. Gobara ba ta ci wannan ba.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa a ji ka a gonar Sarkin Noma bana. Ka gai da Rahamatu.