Ƙarar Gurneti a Falonmu

Dutse Alhaji, Abuja.

Zuwa ga Yaya Barira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara da duk mutanen Gashuwa. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya sa kaffara ne, ya ƙara miki nisan kwana. Mu nan alhamdu lillahi. Fu'ad ya shiga aji biyar na sakandare, har ya fi ni tsawo, Kauthar kuma an sa ta makarantar nazare, baki ya buɗe sai surutu. Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya a hannun kowa. Maganar ce ba ta faɗuwa a waya, don ƙaninki yana jin motsin kowa a gidan nan. A makarantar da nake koyarwa nake rubuta miki.

Yaya, kin san tun da Baban Fu'ad ya dawo daga Saliyo ya ajiye kaki, bai taɓa ba ni labarin yaƙin ba, ni ma ban tambaya ba. Ya samu aikinsa na kula da masu gadi a ma'aikata, muka ci gaba da zamanmu lafiya. To, akwai Marvel, ɗan maƙwabciyarmu Madam Christina, abokin Fu'ad ne. Kawunsa ya kawo masa na'urar gem irin wadda ake haɗawa da talabijin, da wani faifai na wasan sojoji. Ba irin zanen 'yan yara ba ne. Bindigogin ciki duk na gaske ne aka kwaikwaya, da sunayensu da ƙararsu, har da gurneti da nakiyar da ake binnewa. Wata Asabar da aka ɗauke musu wuta, yaran suka kawo shi falonmu don muna da janareta. Ni na ba su izini, ina ganin gara su zauna a gabana da yawon titi.

Bayan la'asar Baban Fu'ad ya dawo daga masallaci, Kauthar ta ruga ta tarye shi a bakin ƙofa. Daidai nan aka jefa gurneti a cikin wasan. Ina kicin na ji ƙarar ƙarfe yana gangarawa, sai fashewa, sai muryarsa da ban taɓa jin irinta ba yana cewa kowa ya kwanta. Da na fito na tarar ya kifa yarinyar a ƙasa ya rufe ta da jikinsa, goshinta ya bugi gefen tebur, jini yana bin tayil. Na kira shi, na jijjiga shi, bai san ni ba. Idonsa a buɗe amma ba falon yake gani ba. Sai da Madam Christina ta shigo ta zare wayar talabijin, muka haɗu muka ɓamɓare hannunsa, sannan muka ciro ta. An yi mata ɗinki a asibiti, likita ya ce ido bai taɓu ba, mun gode Allah.

Na ɗauka zai farfasa na'urar ne, da ma hakan ya yi da hankalina ya fi kwanciya. Washegari sai ya sa aka kira Marvel, ya ce su kunna masa ya gani. Ya tsaya a bayansu hannu a harɗe. Kafin sunan bindiga ya fito ya riga ya faɗa, daga jin ƙara kawai. Ya nuna wata ya ce irinta ya riƙe. Ya nuna AK ya ce ita 'yan tawaye ke ba yara, wasunsu ba su kai Fu'ad ba. Ya ce waɗanda suka yi wasan sun san aikinsu, har ƙarar da bindiga ke yi idan harsashi ya ƙare sun samo, abin da suka manta shi ne wari, kuma mutanensu in an harbe su shiru suke yi, na gaske kuwa uwarsu suke kira. Can sojan da Marvel ke sarrafawa ya doshi wani akwati a gefen hanya. Sai Baban Fu'ad ya damƙe kafaɗar yaron, ya kira shi Thaddeus, ya ce kada ya taɓa, ya roƙe shi don Allah kada ya taɓa. Yaron ya saki abin hannunsa ya fita da gudu yana kuka.

Daga baya na lallaɓa na tambaye shi wane ne Thaddeus. Ya ce ɗan garin Kwali ne, tare suka tafi Saliyo, kwano ɗaya suke ci, kuma abin da aka samu na jikinsa bai cika bargo ba.

Na mayar wa Madam Christina kayanta, ta yi ta ba ni haƙuri, ni ma ina ba ta. Amma Yaya, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shagunan gem sun cika hanyar kasuwa, ƙarar harbi tana fitowa ta kowace taga. Ga masu fasa dutse da nakiya a bayan gari saboda gine-ginen da ake ta yi. Da can in suka tayar sai dai ya yi shiru na ɗan lokaci, yanzu kuwa kofi faɗuwa yake daga hannunsa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, na ji shi a waya da wani tsohon abokin aikinsa yana cewa a samo masa abin kare gida. Na san abin da yake nufi. Mutumin da bai gane ni ba ina jijjiga shi, yaya za a yi in akwai bindiga a ƙarƙashin gado, Fu'ad ya turo ƙofa ba sallama?

Na yi masa maganar ganin likita, ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Ke kika goya shi bayan rasuwar Inna, ke kaɗai ce ba ya ɗaga wa ido. Don Allah ki roƙi Alhaji ya bar ki ki zo, ki ce asibiti za ki a duba miki gwiwa, ƙila in ya raka ki a samu hanyar da shi ma za a duba shi. Shekaranjiya na dawo daga aiki na same shi a tsakar gida yana koya wa Kauthar yadda za ta kwanta rub da ciki ta rufe kai idan ta ji ƙara. Ita tana ta ƙyalƙyala dariya da filasta a goshi, tana cewa a sake. Shi kuwa gumi ne ke ɗiga daga haɓarsa. Yaya, kada ki jira Sallah.

Ki gaishe mini da Alhaji, da Rekiya da jaririnta, da Nababa, da Baba Yamusa in ya shigo gari. Fu'ad yana gaishe ki, ki yi masa nasiha in kin zo, don yana ganin shi ya jawo. A sa mu a addu'a.

Wassalam. Ni ce matar ƙaninki,
Zuhra.