Ba Ni Ke Shan Man Akori-Kurarmu Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Motar Gayya na ƙauyukanmu, yankin Bukkuyum.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti. Allah ya sa haka, amin.

Ranka ya daɗe, ni ne Lawali direba, wanda ya riƙe makullin akori-kurar gayya shekara shida, har zuwa Juma'a uku da suka wuce da aka karɓe shi daga hannuna. Na so in zo zaurenka mu yi wannan magana daga ni sai kai, domin abokin mahaifina ne kai, kuma ban taɓa ɗaga murya a gabanka ba. Amma abin da aka faɗa a kaina ba a zaure aka faɗe shi ba. A ƙofar masallaci aka faɗe shi bayan an sauko daga Juma'a, gaban babba da yaro. Shi ya sa na rubuta amsata a fili, don duk wanda ya ji waccan ya ji wannan.

Ga wanda bai san tarihin motar ba, tsohuwa ce tun ranar da aka saye ta. Bayan gubar dalma ta shiga cin yara a Tungar Guru da Abare da sauran wurare, mutanen ƙauyukanmu suka yi karo-karo, wani ya ba da gero, wani akuya, aka sayo ta na hannu a Gummi don kai marasa lafiya asibiti a Anka. Ranar farko aka zuba mata mai jarka guda, ta je ta dawo har da ragowa. Nan take kwamiti ya yanke: jarka guda, zuwa da dawowa. Tun daga ranar motar ta ƙara tsufa, hanya ta lalace, ni ma furfura ta fito mini, amma ma'aunin nan yana nan yadda aka aje shi.

Ranar Larabar da ta gabaci waccan Juma'ar, na ɗauko mata biyu da 'ya'yansu da aka sallamo daga asibiti. Man ya ƙare mana da la'asar a tsakiyar daji, inda kowa ya san ba wurin tsayawa ba ne a wannan zamani. Mun fi awa guda a tsaye kafin Allah ya kawo masu babura suka kwashe su. Na ga tsoron da ke idon matan nan. Don haka ban ga laifin duk wanda ya fusata ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne maganar ma'ajin kwamiti, Malam Mande, da ya miƙe cikin jama'a ya ce, "Mota ba ta shan mai hakanan, sai in akwai mai taya ta sha. A bincika wurin 'yan bumburutu, a ji wa ka kai musu."  Kai kuma ka miƙo hannu, na sa maka makulli.

Ranka ya daɗe, ban taɓa zuƙar ko cikin kwalba na man motar nan na sayar ba. Amma rantsuwa kowa ya iya ta, har ɓarawo. Bari in nuna maka inda man yake zuwa.

Na ɗaya. Motar nan ba ta da kik tun daminar bara, sai an tura take tashi. Da safe a gida akwai majiya ƙarfi, su tura ta in wuce. To in na isa wani ƙauye ɗaukar mara lafiya, maza duk sun tafi gona ko ramin zinari, wa zai tura? Uwar da ke goye da yaro yana sanƙarewa? In na sami gangare nakan kashe ta in sa dutse, amma ƙofar asibiti shimfiɗe take, ba gangare. Haka nake barin inji yana aiki awa biyu, wata rana uku, ina jiran a duba yara a ce ga waɗanda za a kwantar, ga waɗanda za su koma. Kwamiti hanya kawai yake aunawa, daga nan zuwa Anka, alhali mota tana tsaye ma shan mai take yi. Sau uku na kawo wannan ƙorafi gabanku, sau uku ana ce mini tunda tana tashi da turi, a lallaɓa.

Na biyu. Da kik ɗin ya mutu, bakaniken da kwamiti ke kai wa aiki a Gummi ya ɗaga mata silo, wato ya ƙara ƙarfin kukan inji a tsaye, don kada ta mutu mini a hanya. Shi ya sa take ruri ko ban taka komai ba. Kafin nan shi ne ya cire ɗan ƙarfen da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, wanda suke kira tamostat, ya jefar, ya ce na ƙasar sanyi ne, mu nan zafi gare mu. Kusan kowace tsohuwar mota a ƙasar nan haka aka yi mata, ni ma a lokacin na gyaɗa kai. Da iyakilina, wato matatar iskar inji, ya toshe da ƙura kuwa, aka ce sabo tsada, sai ya yanko soson katifa ya cusa a gurbinsa. Watanni biyu da suka wuce, ina jira a Anka, na roƙi wani dattijon bakanike ya leƙa mini ita don Allah. Ya kwance fulogi guda, ya ɗaga shi sama, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya ce, "Wagga mota ba ta samun iska, mai tsagwaronai taka haɗiya, rabi ta ƙone, rabi ta watsar ta salansa. Wa yac cusa mata katifa?" Ya ce injin da ba ya yin ɗumi yadda ya kamata ba ya ƙone mai sosai, balle wanda aka shaƙe masa hanci. Duk wadda ta taɓa zama a bayan motar nan za ta gaya maka yadda suke toshe hanci da mayafi saboda warin ɗanyen fetur. Wannan warin, ranka ya daɗe, shi ne man da ake nema a aljihuna.

Na uku. Nauyi. An yi mata rumfa da bututun ƙarfe mai kauri don inuwar marasa lafiya, wannan alheri ne. An ƙara benci biyu na katako. Akwai durom ɗin ruwa da nake yawo da shi saboda lagireto na yoyo. Duk wannan kafin mutum ɗaya ya hau. Sai kuma kayan "tunda Anka za ka": buhun gero, buhun wake, akuya, har ƙyauren ƙofa na taɓa kai wa wani. Ban iya ce wa dattijo a'a. Ba zan kama suna ba, amma a cikin waɗanda suka yi ta gyaɗa kai ranar Juma'a akwai wanda buhunan wakensa huɗu na kai kasuwa a ranar da man ya ƙare. Ya san kansa, kuma ya san na san shi.

Na huɗu, wannan nawa ne, ba zan ɓoye ba. Nakan rage iskar taya in zan ɗauki yaro mai jin jiki ko mace mai naƙuda, don kada ramukan hanya su yi ta wujijjiga su. Na san taya maras iska tana jan mota baya, tana ƙara shan mai. Sau da yawa kuma nakan manta in tsaya wurin mai faci a mayar kafin in juyo. Haka nan birkin gaba na hagu yana kamawa, in ka taɓa wurin bayan tafiya sai ka janye hannu don zafi, ban matsa a gyara ba yadda na matsa a kan kik. In don waɗannan aka karɓi makulli, na karɓi hukuncin. Sakaci ne, amma ba sata ba ce.

Akwai abin da ban so in faɗa ba, amma dole ta sa. Shekaranjiya da hantsi Mamman, wanda kuka ba makullin bayana, ya same ni a gona. Magidanci ne mai 'ya'ya biyar, ɗan ƙanwarka ne, kuma ni shaida ne bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce, "Lawali, don Allah gaya min gaskiya, ina man ga shika zuwa? Tahiya ukku na yi, duk sai na cika da kuɗɗina, kuma tsoro nika ji in hwaɗi." Na dube shi, tausayinsa ya kama ni. Ni ma haka na fara, ina cikawa daga aljihuna ina yin shiru don kada a ce na cika ƙorafi, har ranar da aljihun ya gaza. In ba a gyara motar nan ba, kafin kaka ta zo shi ma za a kira shi da sunan da aka kira ni. Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, ya ce in rubuta.

Saboda haka ga roƙona.

A gwada motar a gaban shaidu. A kai ta gidan mai a cika tanki har wuya, a sa kwaɗo a murfin, kai ka riƙe makullin kwaɗon. Malam Mande ya zauna a gaba kusa da direba, a je Anka, a jira a ƙofar asibiti yadda ake jira kullum, a dawo gidan man nan a sake cikawa. Abin da famfo ya nuna shi ne abin da ta sha. Ba sai ni na tuƙa ba, kowa kuka yarda da shi ya tuƙa.

Bayan haka a gyara ta. A sa kik, a sauke silo, a fid da katifar nan a sa iyakilina na gaske, a canza fulogi, a mayar da tamostat, a sassauta birki, a liƙe lagireto a sauke durom. A hana ɗora mata kayan kasuwa, ko na wane ne. Sannan a sake gwada ta, a yanke sabon ma'auni bisa abin da aka gani da ido. Abin da za a kashe bai kai man da take zubarwa cikin 'yan watanni ba, kuma ya fi a sake barin mata da yara tsaye a daji.

In gwaji ya nuna jarka guda tana isa, a tsayar da ni a ƙofar masallaci a kira ni ɓarawo, ba zan buɗe baki ba. In kuwa ya nuna ba ta isa, ina roƙon ka miƙe da kanka a wurin ka faɗa wa jama'a. Ba makulli nake nema ba, Mamman ya riƙe, Allah ya taya shi. Sunana nake nema.

Kuma ina roƙon kada a ja abin. Inna, mahaifiyata, ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma kunnenta ras yake. Tun da maganar ta kai mata ta daina fita, ko gidan suna ba ta zuwa, ko gaisuwar mutuwa. Rannan na shiga gaishe ta, ta kama hannuna ta ce, "Lawali, mi nika ji ga bakin mutane? Man ɗiyan mutane marasa lahiya?" Na rantse mata, ta ce ta yarda, amma ta juyar da fuska tana share ido. Ita ta yarda da ni don ita ta haife ni. Ina so ta ji daga bakin wanda ba shi ya haife ni ba, tun tana da rai. In gaskiya ta fito, ranka ya daɗe, kafin ka je masallaci ka fara biyowa ta ɗakinta.

Allah ya ja kwananka, ya ba ka ikon yin adalci ko a kan wa ya faɗa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare matafiyanmu a hanya, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Wanda ya faɗi magana a kaina cikin fushi, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Lawali direba.