A Auno Mini Ƙafar Amaryata

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa. Yaya maiɗakinka da yara? Yaya jikata Barewa, amaryata ta kaina? Ni lafiya lau, gwiwa ce kawai ba ta shiri da sanyin nan. Abokiyar aikina ke rubuta mini, ka san ni da biro ba ma ga maciji.

Jiya na shafa farin layi a filin wasan da nake sharewa, 'yan mata takwas suka yi tsere a kai. Kai! Wata 'yar firit ta wuce su kamar an harba kibiya. Sai ga ni ina ihu da tsintsiya a sama, har hulata ta faɗi!

Na ji an zaɓi Barewa ta shiga tseren makarantu ka hana, wai ni na ce mace ba ta gudu. Na faɗa, har na ɓoye takalman ƙanwarka a rufin ɗaki tana kuka. Amma ga abin da ban taɓa gaya muku ba. Ranar da maraƙinmu ya tsinke, mu maza huɗu muka gaza, uwarku ce ta kamo shi, da kai goye a bayanta. Kunyar ranar ce ta haifi dokar nan.

To, wanda ya kafa ya soke. Ka auna ƙafar amaryata da zare ka aiko, na ga wani jan takalmin gudu. Ka auno ta ƙanwarka ma.

Allah ya yi muku albarka.

Babanka