Maganin Ɗanki a Haɓar Zanin Mama

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da su Gwaggo. Ɗanki na gaida ki, kullum sai ya tambayi ranar dawowarki.

Auta, na rasa ta ina zan fara, kunya ta hana ni kiran wayarki. Kin san halina, bakina na riga hankalina. Ranar da ɗanki ya faɗi a makaranta saboda maganin farfaɗiyarsa ya ƙare tun lokaci bai yi ba, na zazzage jakarki a gaban maƙwabta, na kira ki 'yar ƙwaya. Hujjata kawai idonki ya yi ja. Na manta ke kike fama da yaron nan nawa in ina kan keken ɗinki.

Shekaranjiya Mama ta zube a banɗaki, harshe ya yi nauyi, numfashi sama-sama. Mun ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce. A asibiti, nas na sauya mata kaya ta kwance ƙullin haɓar zaninta, sai ga fararen ƙwayoyin ɗanki.

Likita ya ce fenobabitol ne, yana sa barci, jiki kuma yana sabawa har ɗaya ta daina isa, in ya yi yawa numfashi ya tsaya. Ya ce a yanke mata farat ɗaya ma haɗari ne, sai a hankali. Da ya tambayi wanda ya fara ba ta, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni ce. Bayan rasuwar Baba da barci ya gagare ta, na ɓalle ɗaya na miƙa mata, wai ni mai tausayi.

Yanzu ta farfaɗo, amma ta ƙi cin abinci, sai kuka. Ta ce kin taɓa kama ta da hannu a gwangwanin maganin, ta roƙe ki ki rufa mata asiri. Ashe ina zaginki tana bayan labule, ke kuma kin san komai, amma kika ƙi tona ta.

Na bi maƙwabta gida-gida na faɗa musu gaskiya. Don Allah ki dawo, ko ba za ki kula ni ba. Mama ta ce daga hannunki kawai za ta karɓi abinci. Jakar ma na ɗinke hannun da na tsinka.

Ki gaida mutanen gidan.

Taki mai neman afuwa,
Yayarki