Kalmomi Ashirin na Gwaggo

Zuwa ga Gwaggona Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafa, ya kunne? Na san kiran waya ba ya yi miki amfani, sai ki yi ta "Iye? Iye?" har mu gaji, shi ya sa na ba direban layinku wannan takarda.

Gwaggo, taimako nake nema. Kin san duk karatuna da Faransanci na yi shi, Turancina kuwa na gaisuwa ne da tambayar hanya. To, nan da mako biyar wasu baƙi masu bincike za su zo masana'antarmu. Ƙungiyarsu tana son sayen garin abincin jariran da muke yi don rabawa a asibitoci, amma sai sun fara duba ɗakin gwaje-gwaje, inda nake aiki. Turanci kaɗai suke ji. Manajanmu kuwa ko "zo in kashe ka" ba ya ji da shi, don haka ya ce ni zan yi musu bayani.

An ce ba na'ura kawai suke dubawa ba. Suna tambaya a kan halin mutane: wa ke ba da umarni, yaya ake shawo kan ma'aikaci, me ake yi in an samu saɓani. Irin waɗannan manyan kalmomin na Turanci nake so, na hali da lallashi da aikatawa. Shekara talatin kina koyar da su, ki sammini ko ashirin ne.

Ki gaida kowa. Allah ya ƙara lafiya.

Ƴarki.

*

Zuwa ga Uwata,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ke da kika ci sunan mahaifiyata kika bar mata haƙurinta. Ƙafa da sauƙi, kunne kuwa yana nan yadda kika san shi.

Makon jiya na aiko miki da kalmomi ashirin tare da dokata ta aji: kowace kalma a sa ta a jimla, kuma jimlar ta fito daga rayuwar mai rubutu, ban yarda da ƙirƙira ba. Jiya direba ya kawo amsarki. Na zauna da alƙalami ina shirin yi miki dariya, don ku masu Faransanci sai kun yi wa kowace jimla rawani kafin ku sake ta. Kurakurai huɗu kacal na samu. Amma da na sake karantawa daga sama har ƙasa, sai na ajiye alƙalamin.

Bari in mayar miki da su Hausa, ko kya ji abin da na ji.

Kalma ta uku, yabon da ake yi wa mutum don a samu wani abu a wurinsa, kin rubuta: "Yakan zuga ni cewa duk ɗakin gwaji babu mai kaifin idona." Ta bakwai, a lallaɓa mutum da daɗin baki har ya yi abin da bai yi niyya ba: "Ya lallaɓa ni na sa hannu ban sake gwadawa ba." Ta goma sha ɗaya, a ware mutum daga abokansa: "Ya mayar da teburina kusa da ƙofarsa." Ta goma sha biyar, barazana: "Ya tambaye ni ko na taɓa ganin cikin gidan yari, sannan ya yi dariya." Ta ashirin kuwa, wadda ke nufin a haɗa baki da mai laifi, kin bar wurinta fari fat. Kin fara harafi ɗaya kika soke.

Uwata, wane ne wannan "shi"? A kan me kika sa hannu? Kada ki ce mini misali ne. Na yi makin takardu fiye da gashin kanki, na san jimlar da aka ƙirƙira, na san wadda ta fito daga ciki. Direba zai juyo jibi, ina jiran amsa a hannunsa.

Allah ya tsare mini ke.

Gwaggonki.

*

Gwaggo,

Salama da gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, a bayan sito nake tsugune lokacin hutun rana. Ba na iya rubuta komai a waya, don yakan ɗauke ta daga kan teburina kamar da wasa.

Manaja ne. Wata biyu da suka wuce ruwa ya shiga rumbunmu, hatsi ya yi fumfuna. Aka shanya, aka niƙa, aka zuba a gwangwani. Da na gwada, sai na ga gubar da fumfuna ke bari ta wuce ƙa'ida. Ba a ganinta, ba a jin warinta, amma tana cin hantar jariri a hankali. Na kai masa sakamakon. Bai yi faɗa ba, Gwaggo, da ma faɗan ya yi. Kujera ya ja mini, ya sa aka kawo shayi. Ya ce na'urar ce ta tsufa, ya ce mutum ɗari biyu ke ci daga wannan masana'anta, ya ce yarinya mai basira kamata ba za ta tsaya a ƙaramin teburi ba. Na sha shayin, na sa hannu cewa garin lafiya lau. Kwali sittin suka fita kasuwa.

Yanzu akwai kwali ɗari huɗu a sito daga ragowar hatsin, sakamakonsu ma ya fi muni. Da na ce ba zan sa hannu ba, sai ya jawo durowa ya nuna mini takardar farko. Ya ce, "Sunan wa kike gani a nan? Nawa?" Babu nasa ko ɗaya, nawa ne da hatimina. Ya ce in magana ta fito, ni za a ɗaure, shi kuwa zai ce na yaudare shi.

Kullum bayan la'asar yakan kira ni ofishinsa mu yi bita. Ya sa wani ya rubuta masa abin da zan faɗa wa baƙin da Turanci, ni ina karantawa, shi yana bin layin da yatsa. Bai san ma'anar ba, amma ya haddace sautin. In na tsallake kalma ɗaya sai yatsan ya tsaya, ya ɗago ido. Dole in koma in sake layin. Washegarin tafiyar baƙin za a loda kwalayen.

Abinci ba ya shiga. In na ga mace da goyo a tashar mota sai in sunkuyar da kai.

Don Allah ki aiko mini da wasu kalmomin, masu santsi, waɗanda zan yi magana da su ban yi ƙarya ba kuma ban tona ba. Na san Turanci yana da su. Kada ki faɗa wa Baba, hawan jininsa ba zai ɗauka ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƴarki.

*

Uwata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Na karanta takardarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune a ƙasa.

Wannan ce wasiƙa ta uku da na rubuta yau. A ta farko na ce ki tattaro kayanki ki gudo gida. Na yaga, don in kin gudu kwalayen za su fita, sunanki kuma yana cikin durowarsa. A ta biyu na jero miki kalmomin santsin da kika roƙa. Akwai su, har goma sha huɗu na samo, kuma na iya su sarai. Da na duba jerin na tuna bakin da garin zai shiga, sai na cusa takardar a murhu.

Ki faɗa musu. Ki tsaya a gabansu ki ce garin da ke sito guba ne, ki ce an riga an fitar da sittin. Gajerun kalmomi sun isa wannan, ba sai manya ba.

Amma ga wani abu, kuma Allah ya yafe mini. Za su tambaye ki yadda aka yi kika sa hannu a takardar farko. Kada ki yi amfani da kalma ta bakwai. Wanda aka lallaɓa ya yarda da kansa, yana da rabo a laifin. Ki ɗauki ta goma sha shida, tilastawa. Ki ce tun ranar farko tilasta miki ya yi. Daga ke sai shi a ofishin, babu mai ƙaryata ki sai wanda ya riga ya zama maƙaryaci. Maganar shayi kuwa ki binne ta.

Na san ni ce mai dokar hana ƙirƙira. Na kori ɗalibai daga aji a kan abin da bai kai wannan ba. Amma su ban goya su ba, ke na goya ki. Tsoro nake ji, Uwata, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba zan iya ganin ki a bayan ƙarfe ba.

Ban faɗa wa babanki ba. Ya shigo ya tarar da ni ina kuka, na ce masa ƙafar ce.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.

Gwaggonki.

*

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ni dai ina raye.

Baƙin sun zo ranar Talata, mako guda kafin lokacin da suka sa. Su uku ne, maza biyu da wata mace mai furfura da tabarau, ita ce babbarsu. Aka shiga ɗakin taro, aka jera ruwan gora da gwangwanayenmu a tsakiyar tebur don ado. Manaja ya zauna a damana, gwiwarsa har tana taɓa kujerata, takardar bita a gabansa, yatsansa a layin farko.

Na fara yadda ya koya mini. Layi ɗaya, biyu, uku, ina jin muryata kamar ta wata. A layi na huɗu ne zan ce duk gwaje-gwajenmu sun fita lafiya. Na ɗauki gwangwani ɗaya na riƙe, na ce da Turanci, "Wannan garin yana da guba. Akwai kwali ɗari huɗu a sito. Kada ku bari su fita."

Yatsan ya tsaya. Ban kalle shi ba, amma na ji numfashinsa ya canza. Ya ce mini da Faransanci, a hankali, yana yi wa baƙin murmushi, "Me kika ce musu?" Ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya damƙi tsintsiyar hannuna. Har yanzu shatin yana nan. Matar ta gani. Ta ce wa ɗaya daga cikin mazan ya raka manaja ya nuna masa sito, yanzu-yanzu. Bai ji kalmomin ba, amma ya ga an buɗe masa ƙofa an tsaya.

Da muka rage ni da ita da ɗaya namijin, mai rubuta bayani, na faɗa mata komai, har sittin ɗin. Sai ga tambayarki ta zo, kamar kina ɗakin. Ta ce, "Ranar da kika sa hannu a takardar farko, tilasta miki ya yi?"

Gwaggo, kalmar tana kan harshena, na haddace ta tsaf. Sai na ga mai rubutun ya ɗaga alƙalami yana jira, na gane duk abin da na faɗa za a rubuta, a miƙo mini in sa hannu a ƙasa. Na riga na sa sunana a ƙarƙashin ƙarya sau ɗaya, na ga abin da ya haifar. Na ce, "A'a. A karo na biyu ya yi mini barazana. A na farko lallaɓa ni ya yi, na yarda. Na san sakamakon, na sa hannu."

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Kin san bambancin waɗannan kalmomi biyu?" Na ce na sani, gwaggona ce ta koya mini. Ta ce, "Kin san abin da zai iya jawo miki?" Na ce na sani.

Ki yafe mini, ban bi maganarki ba.

An rufe sito da kwaɗo, ɗari huɗun ba za su fita ba. An dakatar da ni daga aiki, ranar Litinin kuma zan bayyana gaban hukuma. Lauyan da suka haɗa ni da shi ya ƙi yi mini alkawarin komai. Manaja yana waje, ba a kama shi ba, jiya ma na hango motarsa a bakin layinmu, shi ya sa na koma wurin wata abokiyar aikina.

Amma ba wannan ya fi tsorata ni ba. An bi sawun kwali sittin ɗin, an samo arba'in da tara. Saura goma sha ɗaya, kuma dillalin da ya rarraba su ya ce ɓangarenku motar da ta ɗauke su ta yi. Lambar da ke gindin gwangwanin ita ce 4417. Za a sanar a rediyo, amma sai an gama sa hannu a takardu, wai kwana uku ko huɗu.

Yanzu ki faɗa wa Baba. Gara ya ji daga bakinki.

Ƴarki, uwarki.

*

Uwata,

Salama. A tsaye nake rubutu a kan kantar wani mai shago, direba na jira.

Babu abin yafewa. Ni ce zan nemi gafararki, amma sai na zo. Ni da babanki za mu iso ranar Lahadi, mu raka ki Litinin.

Tun safe muka raba gari biyu, babanki gabas, ni yamma, lambar tana rubuce a tafin hannunmu. Shago goma sha bakwai na shiga. Na samu kwali biyu. Ɗaya a rufe yake. Ɗayan an buɗe, babu gwangwani uku.

Mai shagon bai tuna wanda ya sayi ɗaya ba. Biyun kuwa ya ce wata mai tagwaye ce a bayan makaranta, kusan mako uku ke nan. Ya kwatanta mini gidan, mai koren ƙofa.

Can na nufa yanzu. Ki yi addu'a ta ce mini ba ta buɗe ba.

Gwaggonki.